Lamba Ta Bakwai a Rajista

Ni dai karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma Allah Ya hore mini biro biyu a aljihu da murya mai razana awaki. Saboda wannan zurfin ilimi dattawan garinmu suka naɗa ni shugaban rabin aji, wato ajin yaran da ba su isa firamare ba. Ɗaki ɗaya ne a bakin gonakin gero, malamai mata biyu, sai ni a ƙofa bisa kujera ina shugabanci.

Ƙaramar malamar ita ce ginshiƙin wurin. Daga wajen Gezawa aka auro ta. Yaro zai zo yana birgima, ta goya shi, ta share masa majina, kafin hantsi ka ji shi yana waƙar baƙaƙe. Aibinta ɗaya a wurina: in tana kiran rajista, da ta zo lamba ta bakwai sai ta ɗaga ido kawai ta sa maki. Ɗanta ne na fari, kuma sunan surukinta aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle na uban miji.

Sai aka tura ni bita Ɗanbatta. Duk Turancin da aka zuba, abu ɗaya na kamo: a riƙa kiran kowane yaro da cikakken sunansa. Na dawo na kafa doka.

Malamar ta durƙusa ta ce, "Baba, a yi mini afuwar wannan ɗayan. Ko abokiyar aikina ta kira shi."

Na gyara hula na ce, "Malama, nan ba ɗan fari, sai lamba ta bakwai. Ofis ba tsakar gida ba ne." Ofishin nan fa kujerata ce.

Ranar da mai duba makarantu ya zo daga ƙaramar hukuma, na so ya ga aiki. Mata sun rako yara suna leƙe ta taga, har da uwar mijinta. Malama ta karanto sunaye shida, ta tsaya.

"Ci gaba," na ce.

Ta faɗi sunan can ƙasa-ƙasa.

"Ƙara murya, baƙo bai ji ba!"

Ta ɗaga murya ta faɗa. Yaron bai amsa ba. Bai taɓa jin sunan daga bakinta ba, sai ya zuba mata ido, ya ɓare baki da kuka. Tsohuwar nan uwar mijinta ta ja mayafi ta bar tagar. Shi kuwa baƙon da na yi domin shi, wayarsa yake latsawa.

Kafin azahar maganar ta kai injin niƙa. Ana cewa boko ya cire wa matar wane kunya. Washegari ba ta zo ba, ranar da ta biyo baya ma haka.

Uwargidana ta ajiye mini tuwo ta ce, "Ranka ya daɗe hedimasta, faɗi sunan 'yarka ta fari in ji. Cikakke."

'Yar nan ta aurar da 'ya'ya, ni har yau "waccan" nake ce mata.

Na je zauren gidan su Malama na ba da haƙuri, na gaya wa tsohuwar ni na tilasta ta. Malama ta aiko da ruwa a kwano, ta ce ta yafe. Amma aji ba ta koma ba. Yara suka yi makonni suna tambayata ina take, ina ce musu ta yi tafiya.

Daga nan kiran rajista ya dawo kaina. Kullum in na zo ta bakwai sai na yi tari tukuna.