Mai Kwalin Tsaki a Tashar Dogarawa

Ruwan safe ya ɗauke, tashar Dogarawa duk ta yi caɓi. Almustafa mai shayi yana ɗauraye kofuna, amma idonsa na kan wata mata da ke ƙarshen bencinsa tana jiran motar Tajaye. Doguwa ce, duk ta rame, takalminta ɗaya da waya aka ɗaure shi. A cinyarta akwai kwalin 'yan tsaki da ta sayo daga Konni. Yana jin irin matan nan ce da miji ya tafi cin rani, ya bar su da neman abin sawa a tukunya.

Ba ta sayi shayi ba. Ruwan zafi ta roƙa, ta cika gora, ta naɗe da tsumma, ta cusa cikin kwalin. Sannan ta cire mayafinta ta lulluɓe kwalin ruf, har ramukan shan iska, ita kuwa tana karkarwa.

"Inna, ki bar musu kafar iska," in ji Almustafa. "Zafi ma shina kashe su."

"Ni sanyi na sani, ɗan nan," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Shi ya ɗauke mini jarirai biyu."

Tana jijjiga gwiwa a hankali, kamar mai lallashin goyo. Kukan tsakin da ya cika rumfar ɗazu yana ta raguwa, har ya ɗauke. Ta kara kunne jikin kwalin, fuskarta ta saki.

"Ka ji," ta ce, "sun samu barci."

Almustafa ya mai da kansa ga kofuna.