Jinin Bango Saba'in da Ɗaya

Shekararsa hamsin da huɗu, furfura ta cinye gemu, jikokinsa biyu, amma har yau Ƙane ake ce masa. Teloli masu kawo masa gyaran keken ɗinki haka suke kiransa, maƙwabtan shago haka, har matarsa in ranta ya ɓaci haka take ce masa. Wansa ne ya ja masa. Yaya ne ya koya masa kwance kan keke da mayarwa, shi ya kama shagon, shi ya yi masa komai har neman aure. Shekara uku ke nan da ciwon ƙoda ya ɗauke Yaya, Allah ya jiƙansa, ya bar wa Ƙane shago da wata takarda guda.

Shagon ɗaki ne dogo mara taga. Kawunan kekuna jere a kanta, kowanne da ƙyallen shaida ɗaure a wuya, ga gwangwanayen noti, ga warin mai da ba ya barin riga ko an wanke. Can ciki bayan labule akwai tebur da kujeru. Nan ake wasan, duk Asabar da yamma in an rufe shago, yau shekara ashirin da shida.

Wasa ne na baki da takarda. Mutum ɗaya yana riƙe da littafin dokoki yana ba da labari: ga kogo, ga gada, ga dodo ya tare hanya. Sauran kowa da jaruminsa a rubuce da fensir, ƙarfinsa da makaminsa da matakin da ya kai, da jininsa, wato yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi. In an zo sara sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin, abin da ya nuna shi ke nan. Mai ba da labarin wani tsohon malamin makaranta ne, Mai Littafi suke ce masa. Sai Direba, mai surutu kamar rediyo, sai Nas, wadda ta shigo daga baya, take kiran gwanin namu Kawu Ƙane ba tare da ta ji abin ya yi mata banbaraƙwai ba.

Jarumin Ƙane maharbi ne, ba wani abin a zo a gani ba. Na Yaya kuwa shi ne Bango, mai garkuwa, ba ya gudu ba ya dabara, aikinsa ya tare ƙofa ya sha duka har sauran su tsira. Tsohon littafin nan ba shi da imani ko kaɗan. Jarumi yana farawa da jini shida, ɓera ma sai ya kashe shi, Direba kaɗai ya binne jarumai tara. Amma Bango ya kai mataki na goma sha huɗu, jininsa saba'in da ɗaya, bai taɓa faɗuwa ba. Takardarsa ta sha gogewa har ana hango haske ta cikinta, ga tabon mai, ga zoben kofin shayi, ga rubutun Yaya a karkace kamar zai zube daga layi.

Asabar ɗin farko da suka zauna bayan rasuwar, an rasa mai fara wasan. Sai Ƙane ya ɗauko takardar ya ajiye kusa da tasa. Da aka zo kan Bango, ya kumbura murya irin ta Yaya ya yi magana da bakinsa. Direba ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Tun daga ranar Ƙane yake jan jarumai biyu. Matarsa tana yi masa tsiya, wai tsofai-tsofai da su suna yaƙi da dodanni a bayan labule, amma ba ta taɓa sa masa wata hidima ranar Asabar ba, don ta lura ranar ce kaɗai yake dawowa ya cinye abincinsa.

To, littafi ma yana tsufa. Nasu ya rabu da bangonsa, shafuka sun ɓata, idon Mai Littafi kuma ya daina ganin ƙananan rubutu. Nas ta sayo sabon bugu, na huɗu, ƙato mai launi. Direba ya buɗe ya fara washe baki.

"Ku ji fa. Ɗan mataki na huɗu jininsa arba'in, kuma sara biyu yake yi a jifa ɗaya. Ashe mu wahala muka sha a banza."

"Wannan ba jarumta ba ce, shagwaɓa ce," in ji Ƙane.

Mai Littafi ya nuna masa wani jadawali a bayan littafin, na mayar da tsohon jarumi sabo. In an bi shi, Bango zai tashi da jini ɗari da sittin da sara uku. Sai dai dole a goge lambobin a sake, ko a kwafe shi a sabuwar takarda. Ƙane ya roƙi aron littattafan biyu.

Mutum ne da ba ya sa wa tsohon keke sabon ƙarfe muddin na jikinsa yana juyawa. Sai ya kwance, ya wanke, ya goge, ya auna, telan yana tsaye yana ƙorafi. Haka ya yi wa littattafan nan har mako uku. Ya sami littafin rubutu ya ja layi a tsakiya, tsoho a dama, sabo a hagu. Tsakanin gyara da gyara, da mai a yatsunsa, yana lissafin jini da jini, takobi da takobi, mataki da mataki. Ya gano ɗan mataki na bakwai a sabon bugu ya fi Bango jini, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Amma ya kuma gano sulken Bango da garkuwarsa har yanzu babu kamarsu, sai jifa ya kai goma sha bakwai kafin a taɓa shi. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan, ransa ya yi sanyi.

Jarumi da jarumi kam ya auna su tsaf. Babin dodanni ne bai buɗe ba, ba kuma don mantuwa ba. Dokar Yaya ce tun ranar farko: mai wasa ba ya leƙa babin dodanni, wannan na mai littafi ne. Littafin ya kwana ashirin da ɗaya a hannunsa, ba mai ganinsa, amma ko da wasa bai ɗaga shafin ba.

"Bango zai shiga yadda yake," ya ce da ya mayar da littattafan.

Mai Littafi ya dube shi ta saman tabarau. "Ƙane, ba jarumai kaɗai aka yi wa ƙiba a littafin nan ba. Iyakar abin da zan iya gaya maka ke nan."

"Malam, rubutun hannunsa ne, ba zan goge ba. Abin da bai samu da guminsa ba kuma ba zan ɗora masa ba."

Kai, Ƙane akwai taurin kai, a hankali yake yin abinsa amma ba ya juyuwa. Maharbinsa kuwa cikin minti biyar ya kwafe shi a sabuwar takarda, ko duba lambobin bai yi ba.

Asabar ta biyu da sabon littafin, labari ya kawo su wata siririyar gada, dodon dutse yana gadinta. Irinsa Bango ya taɓa kashe uku a zama ɗaya.

"Kawu Ƙane, bari tawa ta shiga gaba," in ji Nas. "Jininta ɗari da goma ne yanzu. Bango ya ɗan huta."

Ƙane ya murza fensir. Zuciyarsa ta ce ya yarda, wallahi ta ce. Amma ya rasa yadda zai buɗe baki da muryar Yaya ya ce wata ta shige masa gaba. Sai ya kumbura murya ya ce, "Ku matsa. Gadar nan tawa ce."

A teburin nan ba a ɓoye jifa, a gaban kowa Mai Littafi yake yi. Ya jefa, tara ta fito. Ƙane ya yi murmushi.

"A ƙara masa tara, goma sha takwas," in ji Mai Littafi a hankali. "Ya same shi. Jini ashirin da huɗu."

"A ƙara masa tara daga ina?"

"Haka aka rubuta shi. Kuma saura biyu, sara uku yake yi."

Na biyu ya kuskure. Na uku ya ci goma sha tara. Ƙane ya rubuta ashirin da takwas a gefen wata 'yar takarda, don bai taɓa rage jinin Bango a kan takardar Yaya ba. Bango ya rama, ya ci goma sha ɗaya, dodon ko gezau. Gadar mutum ɗaya take ɗauka, Nas da Direba suka yi ta jifa daga nesa ba abin da ya canza. Da aka zagayo, Mai Littafi ya daɗe riƙe da ɗan lidon kafin ya sake shi. Ya gangara ya bugi kofin shayi ya tsaya a kan ashirin, wadda ke ninka duka.

"Talatin da huɗu," ya ce, bai ɗaga kai ba.

Jinin Bango ya ƙare. A tsohon littafi magana ta ƙare ke nan, kowa ya sani. Ƙane, mutumin da ya yi mako uku yana zagin sabon bugu, ya ce da wata 'yar murya, "Malam, shi sabon me ya ce?"

Ba wanda ya yi masa gori. Mai Littafi ya ce, "Jifa uku. In biyu suka kai goma, yana da rai."

Ƙane ya goge tafinsa a wando. Na farko shida. Na biyu goma sha huɗu, Direba ya ce Allah ya sa. Na ukun ya riƙe shi kamar ba zai saki ba, har sai da yatsunsa suka yi ciwo. Uku ta fito.

Mai Littafi ya cire tabarau ya ajiye. Nas ta share ido da bakin mayafi, ta ce a tashi haka nan, a bari sai wani makon. Baƙin ciki ya lulluɓe Ƙane, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ɗauko gawar Yaya daga asibiti, don ranar yana ta hidimar mutane. Ya kifa takardar Bango a kan teburin, ya danne ta da tafinsa.

"A ci gaba," ya ce. "Ba a tashi a tsakiyar faɗa."

Mai Littafi ya mayar da tabarau, ya gyara murya. "To. Dodon ya tsallake shi, yana tahowa. Ƙane, kai ne a layi. Me maharbinka zai yi?"

Ƙane ya jawo sabuwar takardar, fara tas, cike da lambobi manya-manya da sunayen dabarun da bai taɓa karantawa ba. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Shekara ashirin da shida bai taɓa yin jifa ba sai ya ji abin da Bango ya yanke.

"Ban sani ba, Malam," ya ce. "Ku ɗan ba ni lokaci."

Suka ba shi. Fanka tana ta juyawa, shayi ya huce a kofuna, su uku suna zaune suna jiransa.