Kwalabe Biyun Da Suka Rage Bayan Randa

Shekara tara ke nan cif da aka ɗauki Malam daga gidanmu na Kaura Namoda zuwa makwancinsa. Mijina ne, malamin kimiyyar halittu a wata sakandare, kuma ba zan kira sunansa a jarida ba, tunda ban taɓa kira ba yana raye. Wanda duk ya san shi, da kiwon ƙuda ya san shi. Mazan mutane na kiwon tumaki da kaji, ni kuwa Allah ya haɗa ni da mai kiwon 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu jan ido da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro.

A kwalabe yake tsare su, bakin kowace a toshe da auduga, a jere kan jiƙaƙƙen yashi gefen randa saboda zafi. Ni ke dafa musu abinci, garin masara da ayaba da ɗan yis. Na yi mita har na gaji. Maƙwabta kuwa suna suka laƙaba mini, wai Uwar Ƙuda.

Iri biyu ne. Na kwalabe masu jan zare shi ya kamo su da kansa a lambunan mangwaro na wajen Birnin Tsaba. Na masu farin zare tsohon malaminsa na jami'a ya ba shi, irin da aka daɗe ana reno a ɗakin bincike, ba su san daji ba. Ga abin da ya cinye masa shekaru: in aka haɗa macen daji da namijin farin zare, 'ya'ya su fito lafiya, su hayayyafa. In aka juya, namijin daji da macen farin zare, 'ya'yan su fito tsaf, suna ci suna tashi, amma matan cikinsu ba za su taɓa yin ƙwai ba, balle in ana zafi. Ya ce uban ne ke ɗauke da abin, kariyar kuma a ƙwan uwa take, in tana da ita. Ya faɗa mini wannan ya fi a ƙirga, ina ce masa "to, to" ina tankaɗena.

Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce, "Ki riƙe mini su har wani ya zo nema." Na ce na ɗauka.

Ranar addu'ar uku, gida cike da mata, yayarsa Hajo da ta zo daga Shinkafi ta shiga ɗakinsa ta bi kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya tana zare auduga. Ko da na shigo, ƙudaje sun cika taga.

Na ce, "Yaya, mi kinka yi haka?"

Ta ce, "Na sallame su. Halittar Allah ya tsare shekara da shekaru. So kike hakkinsu ya bi shi kushewa?"

Matan da ke wurin duk suka ce ta yi daidai. Ni kuwa kuka kawai na yi. Daga baya na gano kwalabe biyu sun tsira a bayan randa, mai jan zare ɗaya, mai farin zare ɗaya.

Takaba ta zo mini a tsakiyar bazara. Na manta da yashi, na manta da kaina ma. Ranar da na duba, abincinsu ya kusa bushewa. A jar kwalba maza kaɗai ke motsi, ai na san su, ƙarshen cikinsu baƙi ne. A fara kuwa 'yan mata ne sababbin fitowa, ba namiji ko ɗaya. Akwai sauran waɗanda ba su ƙyanƙyashe ba manne a jikin gilas. Da na zuba sabon abinci na yi haƙurin kwana biyu, da kowace kwalba ta farfaɗo. Tsoro ya hana ni. Na tsaya ina laluben wane haɗi ne ya hana, sai zuciyata ta ce ai rashin haihuwa daga mace yake, haka muka tashi muna ji a kowane gidan suna. Ke nan macen daji ce abin gudu, namiji ba ruwansa. Na juye su wuri ɗaya, na wanke tsofaffin kwalaben tas.

'Ya'ya suka fito har kwalba ta yi baƙi. Wallahi har sujadar godiya na yi. Na canza musu abinci, na zauna jiran tsutsa. Mako guda, mako biyu, shiru. A gaban idona suka riƙa faɗuwa har ta ƙarshe.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Hanyar Zurmi da yake bi a kan babur da kwalabe a jaka, yanzu sai an yi bankwana da iyali ake hawanta. Lambunan da yake shiga masu su sun gudu, mangwaro na zuba ba mai tsinta. Ina jin cire tabarau kawai zai yi ya goge, yadda yake yi in abu ya fi ƙarfinsa.

Bara wanda Malam ya ce zai zo nema ya zo. Tsohon ɗalibinsa ne, yanzu yana koyarwa a jami'a. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Inna, ko kwalba guda ta rage?" Ya ce malamin jami'ar da ya ba Malam na farin zaren ya rasu, irinsa ya bi shi, lambun kuwa ba mai iya zuwa. Na dube shi na ce, "Yayarsa ta sake su duka." Abin da nake faɗa wa kowa ke nan shekara tara.

Me ya rage na Malam? Littattafansa da gara ta fara ci, da ilimin da ya zuba a kaina, wanda ban gane ba sai da na kashe abin da ya ba ni amana. Sai kuma Yaya Hajo, da dangi suka mai da ita jahilar da ta rusa aikin ƙanenta. Ta ji, ta haɗiye, ta daina zuwa gidan nan. Ta tsufa yanzu a Shinkafi, idanunta sun tafi, kuma sau biyu ina shirya tafiya ana cewa hanya ba kyau.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe mini. Ita Yaya Hajo ta bar mini biyu, ni na ƙarasa su. Ga shi na faɗa wa duniya, amma wadda ya kamata ta ji ba ta karanta jarida.