Na Kai Jinin Sanmu Kano

Daga gida zuwa Minjibir

Ana sallame Asuba na hau acaɓa, rungume da fulas mai ƙanƙara. A ciki akwai jinin Ɗan Fari, san huɗarmu, wanda malamin dabbobi ya ɗiba. Tun da aka dawo da shi daga kiwon kudu yake kwanciya ya tashi, ya sake kwanciya. Ga damina ta kawo jiki, kuma ba mu da wani san da za mu haɗa da ɗan'uwansa.

Hanyar Kano

Motar Minjibir sai da hantsi ta cika. A shinge wani ɗan sanda ya sa na buɗe fulas, yana zaton kunu ne. Da ya ji jinin sa ne, har rufewa ya taya ni.

Ɗakin gwaji

Bilkisu, 'yar kawuna, bincike take yi kan ƙwayar sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Ta ɗiga jinin, ta sa na leƙa madubin gwaji. Wallahi wasu abubuwa ne ke ta wutsil-wutsil a ciki.

Na tambaye ta me ya sa san yake warkewa ya koma. Ta ce ai bai taɓa warkewa ba. Ƙwayar tana da zaren halitta, DNA, kuma a bakin zaren take ajiye tsarin rigunan da take lulluɓe jikinta da su, ɗaya take sawa, sauran a kulle. Jikin san na gane rigar sai ya karkashe ƙwayoyin, san ya miƙe. To akwai sunadaran gyara masu ɗinke zaren in ya tsinke, a wajen ɗinkin sai su sako tsarin wata rigar. Tsirarun da suka sauya su sake cika jini. Wai shi ya sa har yau babu rigakafi, sai magani.

Na daɗe ina tunani. Abin da ke gyara ta shi ke kayar mana da sa.

Komawa

La'asar sakaliya na isa gida. Na tarar da Ɗan Fari a tsaye yana cin harawa, Baba sai murna yake, wai gobe za a ɗaura masa garma.

Ban taɓa musa wa Baba magana ba. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi haƙuri, ba lafiya ba ce wannan. In ya ja garma gobe, sai dai wuƙa."

Ya dubi san, ya dubi gonar da ba a huɗe ba. Can ya ce, "Je ka kira malamin dabbobin ya yi masa allura. Ɗauko mini fartanya kuma."

Alhamdulillahi da na dawo kafin gobe, Bilkisu kuma Allah ya saka mata da alheri.