Zauren da Badamasi Ya Toshe

Malam Badamasi magini maƙwabcina ne a Ƙofar Kwaya. Shekara goma sha biyu yana fama da kwata ɗaya tal, wadda ke bi ta bayan gidansa tana cin gindin katanga duk damina. Kowane zaɓe shi ne farkon layi, don dai kansila ya riƙe fuskarsa. Bara Allah Ya taimake shi aka zo aka auna kwatar, aka ce bana za a gina.

Sai ga maganar sabuwar iyakar mazaɓu. Aka tara mu a firamare, wai jama'a su yanke da kansu. Wace jama'a? Kafin mu iso an cika ajin da baƙin fuskoki. Aka ƙirga hannuwa sama-sama, aka ce lungun Badamasi ya koma wata mazaɓa, kwatar kuma tana tamu. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

To mu a nan, gida na lungun da zaurensa ya kalla ne. Ta nan ake suna, ta nan ake fitar da gawa. Badamasi ya ce ai da sauƙi, sai ya juya gidan ya kalli kwatar, ya dawo mazaɓarmu. Ya kwaɓa siminti ya toshe zauren da mahaifinsa ya gina, matarsa Rahinatu tana kuka tana ba shi haƙuri. Ya fasa sabuwar ƙofa ta baya, ya gitta katako a kan kwatar. Kwana uku ya gama, don gwani ne.

Ya saka babbar riga ya tafi wurin masu taswirar mazaɓu don su gyara. Ma'aikacin ko sannu da zuwa bai yi masa ba, ya juyo masa kwamfuta.

"Baba, mu ba ruwanmu da ƙofa. Hoton rufin gida muke dubawa daga sama."

Ya je wa kansilanmu, kansilan ya ce masa shi yanzu ba ɗan mazaɓarsa ba ne. Ya je wa sabon, shi kuma ya ce kwatar ba a ƙasarsa take ba. Kowa ya kakkaɓe riga, kai ka ce ba ƙuri'ar talaka ta ɗora su ba.

Ranar da aka yi ruwan farko, da hantsi, na same shi tsakar gida, wando a naɗe, ruwan kwata har ƙwauri, Rahinatu na ɗora buhun gero kan turmi. Ya daɗe yana kallon ƙofar da ya fasa da hannunsa.

"Malam Rabe," ya ce mani, "da can katanga take ci. Yanzu ni na buɗe mata hanya."