Baka Ba Ya Tsayuwa Shi Kaɗai

Shekara uku bayan rasuwar maigidana, kafin babban ruwan da ya kwashe motoci a Jidda, aka fitar da ni daga ɗakin da na shekara talatin a ciki.

Gidan yana tsohon gari, na dutsen teku ne, hawa huɗu. Mu muna ƙasa. Maigidana magini ne, ɗan magina daga Damagaram, shi ya sake ɗaure bakan zauren da hannunsa: mai tsini a sama, dogo, raƙumi ma ya shige da kayansa. Ni na riƙa miƙa masa kwaɓi. Ban san bihim ba a takarda, amma abin da ya faɗa ranar yana kaina. Ya ce baka ba ƙasa kaɗai yake danna nauyi ba, gefe yake turawa, kamar mutum biyu sun haɗa goshi. Shi ya sa ya tayar da wani ƙaton gini a waje ya tokare bangon.

Da mutumin da muke haya a gidansa ya tsufa, ɗansa ya zo da ma'aikata, wai tokarin ya tare masa wurin ajiye mota. Na fito da sandata.

Na ce, "Ɗan nan, in ka cire wannan, zauren zai buɗe baki."

Ya yi dariya. "Ya Hajja, ke ce muhandis yanzu?"

"Ni na goya ka a zauren nan, kana yi mini fitsari a baya. Injiniyan naka yana ina lokacin?"

Ma'aikatan suka ƙyalƙyale. Shi kuwa ya ce halas, magana ta ƙare, yalla, a rushe shi. Kafin la'asar sun gama.

Wata biyu ba abin da ya faru, har yana gaishe ni da zolaya. Sai tsaga ta fito a tsinin bakan, siririya kamar zare. Kullum da safe ina gwada ta: farce, yatsa, daga baya hannuna duka. Ba wanda zan nuna wa. Ranar da ƙasa ta zubo mini a tukunya, hukuma ta rufe gidan.

Yanzu ina unguwar Waziriyya, ɗakin siminti, rufi shafe kamar faifai. Gaskiyata ta fito, amma wa zan yi wa gori? Cikin waɗanda suka ga an ɗaure bakan nan, saura makahon mai gyaran takalmi da 'ya'yansa suka kai Makka, da matar mai burodi da ba ta gane kowa, sai ni.