Man Kifin Kawu Labbo

Kawu Labbo ya shekara talatin da huɗu yana saƙar homa a Argungu, tarun hannun nan da masunta ke faɗawa ruwa da shi. Na taɓa zama na ƙirga, ƙulli arba'in yake yi kafin kokon da nake sha ya huce.

Shekara biyu da ba mu jihar Kebbi, sanyin ƙashi ya kama masa yatsu. Da safe sai su sandare har hantsi, ga homa goma sha biyu da ya yi wa masunta alkawari kafin bikin kamun kifi. In ya saɓa, sun koma wurin wani ke nan.

Ban tsaya jaje ba, na goya shi a babur sai asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya rubuta magani, ya haɗa da ƙwayoyin man kifi, uku kullum. Ya ce su taimako ne kawai, kada a bar maganin.

Kawu ya yi dariya har da tari. "Ni da anka yaye da romon giwan ruwa, ni za a ba kifi cikin kwalba?"

Bayan kwana ashirin na koma. Ƙwaya sittin sun ƙare cif, amma yatsu jiya i yau. Sai na lura da kyanwoyi biyar sun kewaye shi.

Matarsa, Goggo Hodi, ta ce, "Tambayi kawunka mi yaka yi da su. Ni dai ƙarni ya sa na fidda tabarmata waje."

Ashe allura yake sawa ya huda kowace ƙwaya, ya matse a yatsu ya murza.

"Haba Kawu, haɗiya ake yi!"

"Kai ɗan boko, hannu ka ciwo ko ciki? Tun kakanni, shi mai, shafa shi akai."

Goggo ta ƙwace sabuwar kwalbar da na kawo. Kullum tana tsaye a kansa, sai ya haɗiye ya buɗe baki ta leƙa. Ni kuma duk Asabar ina can da kokona ina ƙirga ƙulli. Mako shida shiru. A na goma yatsu suka fara sakewa tun kafin hantsi. Ƙulli sha takwas, ashirin da biyar, ya tsaya a talatin da ɗaya.

Ana jibi biki ya ɗaure homa ta goma sha biyu. Har yau cewa yake shafawar nan ce ta yi aiki, makara kawai ta yi. Goggo ba ta musa masa ba, ta dai mayar da tabarmarta ɗaki.